A Duba Lamarin Fulawa Kafin Gidajen Burodi Su Ƙare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan halin da masu gidajen burodi suke ciki, da yadda manufofin gwamnati kan alkama suke ƙarewa a kan mai gashi da mai shayi da magidancin da ke sayen burodin karin kumallo.

Duk wanda zai tsara doka kan wannan sana'a, ya kamata ya fara sanin abin da ke cikin kwaɓi guda. Buhun fulawa kilo 50 ne. Yana shan ruwa lita 27 zuwa 30, gwargwadon ƙarfin fulawar. Ana zuba sukari kilo 6 zuwa 9, domin mutanenmu sun fi son burodi mai zaƙi, sai bota kilo 2 zuwa 3, gishiri wajen giram 800, da yis kusan rabin kilo. Kwaɓin yakan tashi wajen kilo 90. In aka yanka shi giram 900 kowane gwangwani, burodi 100 ke nan, kuma wuta za ta cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. A cikin waɗannan kayan, in ka cire ruwa, kusan babu wanda dala ba ta taɓa shi. Shi ya sa da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 komai ya tashi lokaci guda. Ga dizal ko itacen tanda, ga leda, ga albashi, ga kuɗin kai kaya, ga kwantan da ake dawowa da shi bayan kwana uku. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga wa 'yan rukunin A, wato masu samun wutar lantarki aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta daga wajen Naira 68 zuwa 225 kowane yunit.

Babban abin da ya dame ni shi ne harajin alkama. A 2012, zamanin Shugaba Jonathan, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka ɗora kashi 15 cikin 100 a kan kashi 5 da ake biya a kan ƙwayar alkama, fulawar waje kuma aka kai kuɗin fitonta kashi 100. Hujjar ita ce za a tara kuɗin a bunƙasa noman alkama da burodin rogo. Kamfanin niƙa ne yake biya a tashar jirgin ruwa, amma kowa ya san a cikin farashin buhu yake fanshewa. To nawa aka tara daga wancan lokaci zuwa yau, kuma me aka yi da shi? Wannan tambaya ce da Majalisar Tarayya za ta iya samo amsarta daga Kwastam da Ma'aikatar Kuɗi in ta ga dama.

Shi kansa burodin rogon, tun zamanin Obasanjo aka ce a riƙa haɗa kashi 10 na garin rogo a fulawa, daga baya aka yi ta maganar 20 har 40. Tunanin ba shi da laifi, wajen aiwatarwa ne aka yi tuntuɓe. Abin da ke riƙe iskar da yis yake fitarwa har burodi ya kumbura shi ne danƙon da ke cikin alkama, rogo kuwa ba shi da shi sam. A kashi 10, in garin mai kyau ne, mai ci da wuya ya gane. Da an haura 20 sai kwaɓi ya riƙa manne wa hannu, burodi ya ƙi cika gwangwani, cikinsa ya cushe, washegari kuma ya bushe yana marmashewa. Sannan ba garin kwaki ko na alabo ake nufi ba. Rogon da aka tono yau, a yau ɗin za a fere shi, a goge, a matse, a busar, domin in ya kwana biyu ya fara tsami da baƙi. Sai an sami wajen kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen rogo kafin a fitar da kilo ɗaya na gari. Mai gidan burodi a Gusau ko Azare ba shi da injin da zai gauraya gari biyu su haɗu daidai, ba shi da abin auna danshi. In gwamnati na son a koma wa wannan shiri, to a kamfanin niƙa za a yi haɗin, a rubuta adadin a jikin buhu, a kuma sayar da shi ƙasa da farashin zallar fulawa. In ba ragi, babu mai ɗaukar kasada da kwaɓinsa.

Alkamar gida kuwa, muna ƙaunarta, tun da da ita iyayenmu suke alkaki da funkaso da taliyar hannu. Amma ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 ta nuna abin da aka noma bai kai tan 40,000 ba, alhali ana shigo da sama da tan miliyan huɗu duk shekara. Shirin noman rani da aka ƙaddamar a Jigawa a Nuwambar 2023, wanda gwamnati ke ɗauke wa manomi rabin kuɗin iri da taki, abin yabo ne. Sai dai alkama 'yar lokaci ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake shuka ta don ta yi ido cikin hunturu. In taki da iri suka makara zuwa Janairu, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta motse, fulawarta ta yi kaɗan. Ga sussuka a ƙasa da ke cusa mata yashi, ga cakuɗa iri daban-daban a buhu ɗaya. Irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar yana jure zafi, amma sai ya isa Kadawa da Haɗejiya a kan kari. Kada kuma wani ya ba da shawarar rufe ƙofa gaba ɗaya. An gwada a 1987, fulawar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, aka janye haramcin a 1992.

A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan alkama da wasu kayan abinci. Manyan kamfanoni ne suke shigo da ita, su kuwa sun ragu: Olam ya saye kamfanin fulawa na Dangote a 2019, Flour Mills of Nigeria ya haɗiye kamfanin fulawa na Honeywell a 2022. Sukari ma kamfanoni uku ne suke tace kusan duk wanda muke amfani da shi. Ban ce sun yi laifi ba. Amma duk rangwamen da za a yi musu, ya zo da sharaɗin bayyana farashin buhu a bakin kamfani kowane wata, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta riƙa bibiya har zuwa rumfar dila a Kasuwar Singa ta Kano. In ba haka ba, jama'a za su ji an yi sauƙi a rediyo, su zo su tuhumi mai burodi, an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai abin da ya kamata mu masu sana'ar mu faɗa wa kanmu. Idan kaya suka yi tsada kuma aka ji tsoron ƙara kuɗi, wasu sai su rage yanka, daga giram 900 zuwa 750, su bar kwaɓi ya daɗe yana tashi don ya cika gwangwani da iska. Ka matsa burodin da yatsa biyu sai ya lotse ya ƙi dawowa. Wasu su koma wa sinadarin buromet mai ƙara wa burodi kumbura, wanda NAFDAC ta haramta tun zamanin marigayiya Dora Akunyili saboda haɗarinsa ga ƙoda da alaƙarsa da ciwon daji, ko su maye gurbin sukari da sakarin. Wannan cin amanar mai saye ne, kuma yana karya mai gaskiya, tun da idon mai saye girma yake kallo. Ba a rasa halastaccen madadi ba, akwai ingantattun magungunan kwaɓi masu bitamin C, kuma a jikin kwalinsu aka rubuta awon da ake zubawa. Abin da muke buƙata shi ne a tilasta buga nauyin burodi a jikin leda, jami'an awo su riƙa zagayawa da sikeli. Ita ma NAFDAC ta sauƙaƙa sabunta rajista. Tarar jinkirin sabuntawa ta Naira 154,000 da masu burodi suka koka a kanta a 2022 ba ta gyara kowa, sai dai ta tura ƙaramin mai tanda ya koma gashi a ɓoye, inda babu mai duba shi.

Ƙungiyoyinmu sun rufe tanda a Yulin 2022, suka sake kiran yajin aiki a Fabrairun 2024, watan da mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa. Yajin aiki yana sa a ji mu kwana biyu, amma leburan da ake biya kullum da mai shayin bakin tasha su suke fara jin jiki. Gara shugabanni su riƙa fitar da lissafin kwaɓi guda duk wata uku, jiha-jiha, su kai wa kwamitocin majalisa, su haɗa reshe-reshe a sayi tirelar fulawa kai tsaye daga kamfani, su kuma matsa wa gwamnatocin jihohi a haɗe kuɗaɗen da jami'an ƙaramar hukuma da na tsabta da na allon talla suke karɓa su zama rasit ɗaya a shekara. A kuma ba masu gurasa kujera a wannan zama, domin buhu ɗaya muke saye da su.

Na gode.

Wani mai sana'ar burodi,
Kano