Kafin a sayo manhaja, a fara ƙirga sau nawa injin ke tsayawa

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Ɗan fili nake roƙo kan wannan magana da ake ta yayi cewa ƙanana da matsakaitan masana'antu su koma dijital. Kowa ka ji sai a sa sensa (na'urar da ke auna yanayin injin), a sa manhaja, a haɗa komai da intanet, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya shin ita masana'antar ta ma shirya kuwa?

Na yi shekaru ina kula da ma'aikata a ɗakin injina na wata ƙaramar masana'antar roba. Wata rana oga ya dawo daga wani taro ya sayo mana manhajar lissafin kaya da oda, irin wadda ake kira ERP, mai koyarwa ya zo ya yi kwana uku ya tafi abinsa. Ba a rufa wata biyu ba muka koma littafi da biro. Manhaja na cewa akwai buhu kaza na ɗanyen kaya a sito, mai sito na rantsuwa wallahi babu, ashe tun farko adadin da muka shigar ɗin ne ba daidai ba, ga shi kaya ɗaya amma mai sito da akanta da ofareta kowa da sunan da yake kiransa. Laifin manhaja ne? A'a, mu ne ba mu auna kanmu ba.

Su ma Jamusawan da suka fito da sunan Industrie 4.0, wato wannan tsari na mayar da masana'antu dijital, a baje kolin Hannover na 2011 ba gaba-gaɗi suka yi ba. A 2017 cibiyarsu ta acatech ta fitar da ma'aunin shirin masana'anta mai matakai 6, kuma biyun farko, wato amfani da kwamfuta da haɗa na'urori da juna, share fage kawai suka ɗauke su. Sai a mataki na 3 ne za ka iya ganin abin da ke faruwa a lokacin da yake faruwa, na 4 ka gane dalili, na 5 ka hango matsala kafin ta zo, na 6 tsarin ya riƙa daidaita kansa. Mu ko na farkon ba mu gama ba muna mafarkin na 5. Singafo ma a 2017 ɗin ta fitar da nata mai suna SIRI, fannoni 16 ƙarƙashin ginshiƙai uku, tsarin aiki da fasaha da kuma mutanen wurin, horonsu da shugabancinsu. Wannan na ukun shi ne wanda masu tallar manhaja ba sa son a taɓo.

Gwajin da ni na yarda da shi ba ya buƙatar komai sai takarda. A shif na awa 8, awa nawa injin ya yi yana juyawa? A ce 6, kashi 75 ke nan. Yana gudu a kan kashi 80 na saurin da aka ƙera shi da shi, kuma cikin kowane kaya 100 guda 90 ne masu kyau. Ka ninka su, kashi 54 za ka samu, shi ne lissafin da ake kira OEE, wato ma'aunin ainihin aikin da injin ya yi idan aka kwatanta da abin da zai iya yi. In mai masana'anta ba zai iya kawo waɗannan lambobi uku na makon jiya ba, to gaskiya bai shirya ba, ko nawa zai kashe. Kuma fa a kula, muddin ofareta ya san da takardar nan za a yanke masa albashi to ƙarya zai rubuta, ni kaina na sha ganin an rubuta minti goma alhali injin ya fi awa a kashe.

Sai batun tsaro, da zarar ka haɗa injina da intanet ka buɗe wata ƙofa. A watan Maris na 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, katafaren kamfanin alminiyon na Norway, dole wasu sassan suka koma aiki da hannu. To ina ga wurin da kowa ke amfani da fasiwod ɗaya, kuma babu kwafin bayanai a ko'ina?

Mu dai daga baya wata ɗaya muka yi muna rubuta duk tsayawar injin da dalilinta, sai ga shi ba lalacewa ce ke cinye mana lokaci ba, canja ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ne, da yawon neman sifana. Sai da muka gyara wannan, muka ba kowane kaya lamba ɗaya, sannan muka sake kunna waccan manhajar, ɓangaren sito kaɗai.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum.