Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Bauchi: Kowace Bindiga A Jihar Nan A San Mai Ita

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Ranka ya daɗe, a kan bindiga na ɗauki alƙalami. Kai ɗan Duguri ne, babu wanda zai zauna ya kwatanta maka Dajin Madam, ko ya nuna maka inda ƙasar Alkaleri ta haɗa iyaka da Wase da Karim Lamido. Ka fi ni sanin abin da ya faru a watan Mayun 2025, lokacin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan banga da maharba kwanton ɓauna a yankin Mansur, aka kwaso gawarwakin magidanta waɗanda suka fita domin mu kwana lafiya. Tun daga wannan rana, duk majalisar da ka zauna a kudancin jihar nan, da ma Toro da Ningi da ke jingine da dajin Lame-Burra, magana ɗaya ce a bakin mutane: a ba mu bindiga mu kare kanmu.

Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana ɗura adaka ya san abin da ake nufi. Sai ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya zuba ƙarafuna, ya sake dannawa, sannan ya gyara kunamar. Idan damina ce albarushin ya sha sanyi, yana iya ja ta ƙi tashi. Wanda ke gabansa kuwa yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, da wani kwanson ɗaure a jikin na farko. Mutumin da muke turawa daji a haka, da guru da laya da tocila, idan ya ce a sauya masa makami, gaskiya ya faɗa.

Kai da kanka, a watan Fabrairun 2021, ka yi wata magana da ta tayar da ƙura a ƙasar nan, inda ka nuna cewa makiyayin da aka kwashe wa shanu, hukuma ba ta kare shi ba, shi ne ke komawa ga ɗaukar bindiga. An yi maka ca a kai, daga baya ka yi ƙarin bayani. Ni abin da na riƙe a cikin maganar shi ne ganewar da ke cikinta: mutum yana neman bindiga ne ranar da ya fitar da rai cewa wani zai zo masa. Wannan ya hau kan makiyayi, ya hau kan manomi, ya hau kan ɗan kasuwar da aka sace wa ɗa ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Sai dai idan kowa ya bi wannan hanya, ƙarshenta mun gan shi, kuma ba a nesa ba.

Zamfara nake nufi. Can ma da satar shanu aka fara. Jama'a suka gaji, suka kafa 'yan sa-kai, babu rajista, babu albashi, babu wanda suke amsa wa tambaya. Aka wayi gari ana kama Bafulatani a tsakiyar kasuwa a yanka shi ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba. 'Yan'uwansa suka sayar da shanu suka sayi manyan makamai, ramuwa ta bi ramuwa. A watan Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa a yini guda. Zuwa 2022 gwamnatin jihar da kanta ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga. Yau a tambayi mutumin Maru ko Zurmi ko yawan makamai ya kawo masa barci. Wutar da ta ci gemun maƙwabcinmu ke nan, kuma namu bai jiƙe ba tukuna.

Saboda haka roƙona ba wai a kwance wa 'yan banga ɗamara ba ne. A ƙarfafa su, amma kowace bindiga da ke hannun farar hula a ƙananan hukumomi 20 na jihar nan a san mai ita, a san inda take kwana, a san wanda za a tambaya idan ta yi ɓarna. Dokar makamai ta 1959 ta riga ta raba abin: manyan bindigogi irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta irin na zamani sai Sufeto Janar, su adaka kuwa kwamishinan 'yan sandan jiha ke da hurumin ba da lasisinsu. Ashe ke nan ba sai an jira Abuja ba kafin a fara da na gida. Kai da kwamishinan 'yan sanda da sarakunanmu za ku iya buɗe littafi a kowace gunduma, Sarkin Baka ya kawo mutanensa, mai unguwa da dagaci su shaide su, a buga lamba a jikin kowace bindiga, a ba mai ita kati mai hoto. A yi shi kyauta, domin ranar da aka sa kuɗin fom, ranar maharbin ƙauye zai tura tasa cikin rufin ɗaki. Kuma a fara daga gundumar Duguri, gidanka, yadda babu wata ƙabila ko wani yanki da zai ce shi aka nufa.

Wannan kati kariya ce ga maharbin kansa. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, inda aka tare matafiya 16 'yan Arewa, maharba masu komawa gida yin Sallah, aka ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka ƙone su da ransu. Waɗanda suka yi wannan ta'asa ba su da uzuri ko na ƙwayar zarra. Amma maharbanmu na Bauchi ma suna tafiya farauta har kudu, kuma ya kamata a ce akwai ofishin da za a buga wa waya a ce ga mai lamba kaza, a amsa a ce namu ne.

Waɗanda gwamnati ta ɗauka aikin banga kuwa, makamin da aka ba su na hukuma ne, ya kwana a ma'ajiya a ofishin 'yan sanda mafi kusa, a sa hannu a ɗauka, a sa hannu a mayar, a ƙirga harsashin da aka fita da shi da wanda ya dawo. A biya su a kan kari. Wanda ka ba bindiga ka hana shi albashi wata uku, ka tura shi ne ya kafa shinge a hanya yana karɓar na goro, daga nan kuma sai abin da ya fi haka. A sa Fulani a ciki, da Jarawa da Sayawa da kowa, domin kada a wayi gari ruga ta ɗauki ɗan banga a matsayin abokin gaba. Wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda da ransa. Wanda ya kashe mutum a kan zargi kawai, ya tsaya gaban alƙali kamar kowa, ko da jiya shi ne gwarzon gari.

Sai maƙera. A yau akwai masu ƙera bindiga da bututun ƙarfe da injin walda wadda ke cin harsashin zamani, har ma da mai kama da AK. Kama su kaɗai ba zai kashe sana'ar ba, sai dai ya mayar da ita bayan gari. Sarkin Maƙera ya san kowane mai zuga-zugi a ƙasarsa. A zauna da su, a rubuta su, a ja layi a fili tsakanin gyaran adakar maharbi mai kati da ƙera wa baƙo makami, sannan a ba masu hannun kirki kwangilar garma da injin casa da kujerun makaranta.

Manyan makaman kuwa ba a Bauchi ake yin su ba, shigo da su ake yi. Wasu sun gangaro ta Sahara tun bayan rushewar Libiya a 2011. Wasu ta teku suke zuwa: a watan Janairun 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas, a 2024 kuma suka kama 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas. Wanda ya fi ciwo shi ne na cikin gida. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce akwai makamai da harsasai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, a ciki har da AK-47 guda 88,078. Janar Abdulsalami Abubakar ya faɗa a 2021 cewa makaman da ke yawo a hannun jama'a sun haura miliyan 6. Jiharmu tana iyaka da jihohi bakwai, kuma hanyoyin Jos da Gombe da Kano duk ta cikinmu suka ratsa.

Ka sa ido a kan harsashi, ranka ya daɗe, fiye ma da bindigar. Bindiga sau ɗaya ake sayenta ta yi shekaru, harsashi kuwa kullum sai an kawo sabo, a cikin buhun hatsi, a jarkar manja, a ƙarƙashin kujerar mota, wani lokaci a hannun mace mai goyo da aka ba ladan da bai taka kara ya karya ba. Shingen da jami'i ke miƙa hannu ya karɓi ɗari biyu ya ɗaga sanda ba zai taɓa kama wannan ba. Bayanan sirri ke kama shi, daga bakin 'yan kamasho a tasha, da dillalan kara, da masu sayar da fetur a galan, da masu kai burodi bakin daji. Su kuwa ba za su yi magana ba muddin wanda ya kai rahoto da safe, kafin magariba sunansa ya isa daji. Masu unguwanni da yawa sun yi gum ne saboda haka. A samar da hanyar kai rahoto da ba ta bi ta hannu goma, kuma duk jami'i ko basaraken da aka samu yana tsegunta wa ɓarayi, a tuɓe shi a gurfanar da shi jama'a na gani.

Akwai kuma tambayar da talaka ke yi a zuci. Kullum ana baje bindigogin da aka ƙwato a gaban 'yan jarida, to daga nan ina suke tafiya? Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka ba ta doka a 2024. Ka gayyace su, a rubuta lambar duk abin da aka kama a Bauchi, wanda kotu ta gama da shi a sare shi a ƙone a fili.

A cikin gari kuma, ka san 'yan sara-suka, ka san ba daga sama suka faɗo ba. Yaron da aka ba ƙwaya da gora da adda ya raka ɗan takara, bayan zaɓe ba a karɓe addar, lambar waya kawai ake canzawa. Yau wuƙa yake ƙwacen waya da ita. Ranar da bindigar gida ta yi araha har ta iso hannunsa, unguwanninmu ba za su zaunu ba. Ga 2027 ta ƙarato, kuma kai wa'adinka na biyu kake kammalawa, babu wanda ya fi ka damar tara 'yan takara na kowace jam'iyya a gaban Mai Martaba Sarkin Bauchi, su sa hannu cewa wanda aka kama yaronsa da makami shi ma zai amsa tambaya, ko da na jikinka ne. Haka nan harbin iska da 'yan rakiyar manya ke yi a wajen ɗaurin aure da taron siyasa, a hana shi. Harsashin da ya tashi sama dole ya sauko a kan wani.

Abu na ƙarshe ya shafi wanda harsashin ya riga ya samu. Na ga an kawo wani matashi a kan babur daga ƙauye, an sa shi a tsakiya, na baya yana rungume da shi, an ɗaure cinyarsa da rawani, jini ya jiƙa shi har ya sauya launi. A ƙofar asibitin, tambayar farko da aka yi wa 'yan'uwansa ita ce ina takardar 'yan sanda, ta biyu kuma wa zai ajiye kuɗi. Alhali tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ba, ba sai an ajiye ko kwabo ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya. Ma'aikata da yawa ba su san da ita ba, waɗanda suka sani kuma suna tsoron a zo a tafi da su ofis a wuni ana yi musu tambayoyi. Ina roƙon ka umarci kwamishinan lafiya ya fassara dokar nan da Hausa da Fulatanci a liƙa a ƙofar kowane asibiti, a karanta ta a rediyo, kwamishinan 'yan sanda ya ja kunnen mutanensa kada a taɓa likitan da ya yi aikinsa, sannan manyan asibitocin Alkaleri da Toro da Ningi a tanadar musu jini da motar ɗaukar marar lafiya mai mai a ciki, da za ta iya kai mutum asibitin koyarwa na Bauchi cikin dare.

Allah ya ja zamanin Ƙaura, ya ba jiharmu lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani talakanka daga ƙasar Alkaleri.