Wasiƙar godiya ga ofishin horar da masu neman aiki da ke Samaru, Zariya

Assalamu alaikum.

Ranki ya daɗe Malama, ina gaishe ki tare da dukkan ma'aikatan ofishinki, da fatan kuna lafiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, musamman da na san akwai irina da yawa a Zariya da takardar digirinsu ke kwance a ƙasan akwati.

Na karanta aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello, na yi bautar ƙasa, na dawo gida Tudun Wada. Shekara biyu cur ina aika CV, wato takardar tarihin karatu da aiki, iri ɗaya ko'ina, shiru kake ji. Ranar da na fara zuwa wurinki na ɗauka gyaran takarda kawai za a yi mini in biya in tafi. Sai kika ture takardar gefe, kika ce in faɗa miki da bakina abin da na iya. Na sunkuyar da kai, na rasa ta cewa.

A nan ne kika gano ciwona. Mu an tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, ɗan mutunci ba ya buɗe baki gaban manya ya ce shi gwani ne. Ba ki raina wannan tarbiyya ba, kuma wannan ne ya sa na amince da ke. Abin da kika nuna mini shi ne mai ɗaukar aiki ba kirari yake jira ba. So yake ya ji me na yi, a ina, da su wa, kuma me ya biyo baya. Wanda ya faɗi wannan gaskiya ya faɗa, bai yi alfahari ba.

Da tambaya kika tono abin da ni kaina na manta. Tun ina ɗalibi nake bin manoman Shika da Giwa a kan tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, ina nuna musu yadda ake leƙa cikin zuciyar shuka a gano ta da wuri, da kuma amfanin yin feshi da sassafe ko da yamma. Ina kuma yi musu bayanin irin masara na SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa. Ni a wurina taimakon 'yan'uwa ne, bai taɓa zuwa mini a rai in rubuta shi a CV ba. Kika ce da wannan za a san ni.

Daga nan aiki ya miƙe. Yaranki suka ɗauke ni hoto mai kyau, muka buɗe shafin LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, muka tsabtace Facebook, na riƙa rubuta gajerun shawarwarin noma da Hausa kowane mako. Gwajin intabiyu kuwa sai da muka maimaita har muryata ta daina rawa.

Wata huɗu da farawa, wani kamfanin iri ya kira ni. Tun kafin in zauna, ɗaya daga cikinsu ya ce ya karanta rubutuna a kan tsutsar masara. Yau watana uku ina malamin gona a wurinsu.

Akwai abin da ba zan bari ya wuce ba. A wannan zamani da ake damfarar matasa da sunan sayar da gurbin aiki, tun ranar farko kika ce ke ba ki ba da aiki, shirya mutum kike yi, sauran na Allah ne. Da kuɗi suka yanke mini kuma, kika yarda in biya kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya ji ba.

Mahaifiyata ta ce in isar miki da gaisuwarta. Asabar mai zuwa in sha Allahu zan kawo miki ƙanwata, ta gama karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello bana.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi.

Naku,
wani malamin gona daga Tudun Wada, Zariya