Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa Kan Kachala Da Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, maganar kogin Haɗeja ce ta kawo ni, da ciyawar kachala da ta shaƙe masa wuya.

Ba sai an ba ka labari ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duka a kan rassan kogin da ke jihar Kano, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma gudana kusan duk shekara. Abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma ta wajen Nguru. Sai ka ga gonar shinkafar wani a Guri ko Kirikasamma ta nutse, wani kuma can gaba yana ta jan injin ban-ruwa a busasshen rami. Ga tsuntsun jan-baki da ya samu wurin kwana a cikinta, da asuba ya sauka a kan shinkafa da gero.

Yashe kogi da ake yi aiki ne mai kyau, amma injin yasa yana shan mai, kachalar kuma ta fi ƙarfin a bi ta ko'ina. Tambayar ita ce, daga ina za a fara? Wanda ke cikin kwale-kwale ba ya ganin abin da ya wuce ciyawar da ta fi tsayinsa. Daga sama kuwa ana gani sarai.

Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton wannan fadama kusan duk bayan kwana 5, kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10, kuma ba a biyan ko sisi. Idan hadarin watan Agusta ya rufe, Sentinel-1 mai amfani da na'urar radar yana keta gajimare ya nuna inda ruwa ya kwanta. Hotunan Landsat na Amurka kuma sun faro tun 1972, kafin a gama Tiga. Wato za a iya jera su shekara bayan shekara a ga tsohuwar hanyar ruwa, a ga inda aka fara toshewa, a kai injin daidai wannan maƙura. Bayan an yashe, hoton wata mai zuwa zai faɗa ko ɗan kwangila ya yi aikin ko a takarda kawai ya yi. Ina jin wannan ɓangaren ne ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Haka ma noman alkama na rani. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da ido ba ya gani amma na'ura tana auna shi, don haka gonar da aka rubuta sunanta aka karɓi iri da taki, hoton watan Janairu zai nuna ko kore ce ko fako.

Sai dai tauraro ba malamin gona ba ne. Gonakinmu ƙanana ne, gero da wake da riɗi a kunya ɗaya, hoto yakan ruɗe. Zai nuna amfani ya yi yaushi, amma ba zai bambance ƙishirwa da tsutsa ko ƙuduji ba sai wani ya taka ya duba.

Roƙona ƙarami ne. A kafa ɗan sashe a JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jiharmu, a ɗauki matasan da suka karanci ilimin taswira a Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, a tura su Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraro ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, su samu horo. Kwamfuta, intanet da wutar sola kawai suke buƙata, sai babura ga malaman gona da za su tabbatar da abin da aka gani. Sakamakon kuma kada ya kwana a durowar ofis a Dutse: a karanta shi da Hausa a Rediyo Jigawa, a kai wa hakimai da sarakunan noma kafin a saki ruwan Tiga.

A duba wannan tun kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi, ranka ya daɗe.

Wassalam,
Wani ɗan jiharka daga ƙasar Haɗeja.