Godiya ga Hajiya da ma'aikatan ɗakin baje kolin kayan katako na Birnin Kebbi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Hajiya ranki ya daɗe, ni da sauran kafintocin da kika tara kayanmu a sabon wurin da kika buɗe mun zauna mun ga cewa godiyar da muke miki da baki in mun zo karɓar kuɗi ba ta wadatar ba, shi ya sa suka ce in rubuta a madadinsu inda jama'a za su gani. Ban sa sunanki ko sunan wurin ba don na san ba ki son a yi ta yayata ki, amma duk wanda ya aurar da ɗiya a garin ga kwanan nan ya san inda nake nufi.

Wanda bai yi sana'ar ga ba ba zai gane abin da ya sa muke ta zumuɗi a kan ɗaki mai rufi da fanka ba. Kafinta a Kebbi bakin titi ne shagonshi kuma bakin titi ne wurin tallarshi. Ka gama gado ka fesa mishi fanti shina sheƙi, ka fito da shi don masu wucewa su gani, a watan Maris ko Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kafin a yi sati biyu fantin ya dushe, gam ya fara saki, yadin kujera ya koɗe gefe ɗaya, soson ciki ya gasu. Hunturu ya zo ƙura ta shige kowane lungu na zanen da ka ɓata dare kana yi. Da damina kuwa hadari na haɗuwa sai ka ga yara suna gudu da tamfol da leda, wani lokacin ruwan ya riga su. To da wanne za ka ji? Dole muka daina yin aiki mai kyau sai in an ba mu oda, abin da muke ajiyewa a waje sai mai arha wanda ko ya lalace asarar ba ta da yawa, su kuma mutane abin da suka gani a waje da shi suke auna mu, sai mai kuɗi ya ce ai babu kafinta a Birnin Kebbi ya hau mota ya tafi Sakkwato ko Kano ko Kaduna ya sawo kayan ɗaki ya biya kuɗin mota, rabin kayan su iso da ƙwarzane. Abin da ya fi mana ciwo ma shi ne dillalan da ke saye a hannunmu da arha su canza hannun durowa su ce daga Turkiyya aka kawo, kuma a saya.

Ke kika karya wanga abu. Ba tara kaya kika yi aka jibge kamar sito ba, kin sa an raba wurin ɗaki ɗaki, nan ɗakin amarya da gado da wadirob da madubi an shimfiɗa zanen gado an rataya labule, can falo da kujeru da tebur na tsakiya, can kuma teburin karatu da kantar littattafai don makarantu da ofisoshi. Uwar amarya in ta shigo ba sai ta yi ta ƙiyasi a ranta ba, tana ganin yadda jeren zai kasance da idonta, ta zauna a kujerar, ta ja durowa ta mayar, ta jijjiga gadon ta ji ko shina ƙara. Gani ya kori ji. Kuma an sa sola, ko an ɗauke wuta fitilu na nan, mata na iya zuwa bayan magariba da mazajensu.

Amma abin da ya fi taɓa mu duka shi ne 'yar takardar nan da kika ce a rataya a jikin kowane kaya, da sunan kafintan da ya yi shi da unguwar da shagonshi yake da irin katakon da aka yi amfani da shi. Wallahi Hajiya akwai dattijo a cikinmu wanda ya koyar da rabin kafintocin unguwarsu, ranar da ya ga sunanshi a jikin wadirob ya daɗe tsaye bai ce komai ba, daga baya yake ce mana tunda yake bai taɓa ganin an rubuta cewa shi ya yi abu ba. Wasu sun ba ki shawara kada ki sa sunayen wai kwastoma zai zagaye ki ya je wurin kafinta kai tsaye, kika ce in ya je ma ai ɗan gari ya samu. Allah ya saka miki.

Maganar katakon ma ba ƙarama ba ce, kuma ina so masu karatu su fahimce ta don su ne ke saye. Yawancin falankin da muke aiki da shi daga kudu ake lodo shi a tirela, ya biyo ta Kontagora da Yauri da Koko da Jega kafin ya iso mu, kuma shina zuwa da ɗanyantaka don can ƙasar ruwa ce. In kafinta ya yi gaggawa ya yanka shi a haka, gadon zai yi kyau ranar jere, amma hunturu na bugawa katakon zai bushe ya tsuke, haɗin ya buɗe, ƙofar wadirob ta karkace ta ƙi rufuwa, wani ma ya tsage tun daga sama har ƙasa, sai a ce kafinta macuci ne alhali wani lokacin mai kayan ne ya matsa don biki ya ƙarato. Dokar da kika kafa cewa ba a karɓar kaya sai an jera falankin a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsa shi har ya bushe, da farko wasunmu sun yi gunaguni don jari ne kwance, amma yanzu kowa ya ga amfaninta tunda ba a dawo mana da kaya. Sannan a rubuta gaskiya, in maɗaci ne a ce maɗaci ne, jan katako mai nauyi da ke daɗewa, in loko ne wanda gara ba ta cika damunshi ba a faɗa, in malaina ce fara marar nauyi mai sauƙin kuɗi a faɗa, in kuma bayan wadirob ɗin filawud ne ko an sa MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, a ƙofofin a rubuta a kuma gaya wa amarya kada ta bari ruwan mofin ya riƙa taɓa ƙasanshi don kumbura yake yi ya ruguje. Ba laifi ba ne a yi kaya da MDF, kowa da ƙarfin aljihunshi, laifin shi ne a shafe shi da fanti a sayar wa mutum da sunan maɗaci. Na kuma ji daɗin yadda kika ƙi karɓar madobiya da ba a san inda aka saro ta ba. Itacen nan an yi mishi ɓarna sosai musamman a Taraba ana fitar da shi China, har sai da aka sa shi ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES, wadda ke ƙayyade cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, daga farkon 2017, kuma mu da hamada ke matso mu ta arewa bai kamata mu zama masu ƙarasa abin da ya rage ba.

Ba mu kafintocin zamani kaɗai kika tuna ba. Kusurwar da kika ware wa masassaƙa da dukawa da masu saƙa ta ƙara wa wurin kwarjini, kujerar tsugunno da aka sassaƙe daga gungume ɗaya da gizago, turmin ƙirya da taɓarya, akushi, tumtum na jar fatar akuyar Sakkwato, tabarmin kaba. Waɗannan mutane sai ranar kasuwa a ƙauye ake ganin kayansu a ƙasa cikin rana ana taya musu kamar ba wahala suka sha ba, yau ga su a kan kanta da fitila a kansu. Ni kaina na fara haɗa aiki da wani baduku, ni in yi ƙafa da jikin kujera shi ya ɗinka fatar, kuma a wurinki muka haɗu.

Sai batun kuɗi, wanda shi ke raba abokai a sana'ar ga. Tun ranar da aka kawo kaya ake rubuta farashin da kafinta ya yanke da kason da wurin zai cire, kowa ya sa hannu, ana sayarwa kuma alat ke shigowa ba sai ka yi ta sintiri ana ce maka oga baya nan ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kuɗin lodo da fanti da gam da hinji da soso komai ya tashi, jarin ƙaramin kafinta in ya maƙale a hannun wani wata ɗaya to shagon ya tsaya kenan yara su watse su koma kabu-kabu. Tsarin biya kaɗan kaɗan da kika yi wa iyaye shi ma ya taimake mu, manomin shinkafa daga Argungu ko Suru ya zo ya zaɓi kaya ya ba da wani abu, in ya yi girbi ya cika, mu kuma mun samu lokacin yin aikin a natse ba ranar Laraba a ce ana so Juma'a ba.

Ma'aikatanki ma sun cancanci yabo. Yarinyar da ke ɗaukar hoto tana sawa a WhatsApp da Facebook da TikTok ta iya aikinta, har daga Zuru da Kamba an kira ni saboda hotunan da take ɗauka. Direba da yaran lodi suna naɗe kaya da bargo kafin su ɗaura igiya, kuma ba sa barin gidan amarya sai sun haɗa gado sun daidaita wadirob. Baba mai gadi kuma Allah ya ƙara mishi lafiya, ko da sassafe muka kawo kaya da fara'a yake buɗe mana.

Muna da roƙo Hajiya tunda kin saba saurarenmu. In Allah ya hore, a samo mana rumfa babba ta busar da katako wadda duk za mu riƙa amfani da ita ko da biya ne, don yawancinmu ba mu da filin jera falanki. Sannan a ba yaranmu masu koyo ɗan gefe su ma su riƙa ajiye ƙananan abubuwa irin su benci da teburin yara da sunansu a jiki, zai sa su riƙe sana'ar. In kuma lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zagayo, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016 kuma baƙi ke zuwa daga ko'ina, muna so a kama rumfa a kai kayanmu can, mun yi magana a tsakaninmu za mu haɗa kuɗin mota.

Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifa, ya albarkaci zuri'a, ya tsare wurin ga daga gobara da sharrin mahassada.

Naki,
ɗaya daga cikin kafintocinki, a madadin sauran
Birnin Kebbi