Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke kawo mana motocin Amurka masu injin V8

Zuwa ga Manajan Darakta,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Masu wannan takarda wasunmu masu motoci ne, wasunmu makanikai ne da masu riwaya a nan Kaduna. Ƙorafinmu a kan motocin nan ne masu ƙofa biyu da injin silinda takwas da kamfaninku ke shigowa da su daga Amurka. Motar ba mu raina ta ba. Kowa ya taka mata totur a hanyar Zariya ya ji yadda take manna bayan direba da kujera, ya san kuɗinsa bai tafi a banza ba. Abin da ya dame mu shi ne kuna miƙa makulli kamar yadda motar ta sauko daga jirgin ruwa, ba ku saita komai don ƙasar da za ta yi aiki a cikinta ba, ba ku kuma gaya wa mai saye abin da ya kamata ya sani ba.

Mu fara da abin da ka iya cin rai. Agogon gudun motar da mil yake lissafi, mu kuwa da kilomita muka saba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya mai tagwayen hannu, wato mil 62 ke nan. Direban da ya ga allura a kan 100 ya ɗauka yana kan ƙa'ida, alhali kilomita 161 yake yi. Kuma motar ba ta taimaka masa: tana da nauyi, ba ta rawa, injin yana giyar ƙarshe yana gurnani a hankali, jiki ba ya jin gudun. Gyaran bai kai minti biyu ba. A shiga saitin allo, a zaɓi ma'auni, a mayar da shi kilomita da digirin salshiyos, sannan a sa lambar gudu ta riƙa fitowa a ƙaramin allon da ke bayan sitiyari. Wannan aikin ma'aikacinku ne kafin mota ta bar harabarku.

Sai babban allon tsakiya, wanda da shi kuke tallar motar. Taswirar da ke ciki ta Arewacin Amurka ce, ba ta san Kawo ba balle Barnawa. Rediyon tauraron ɗan'adam ba ya kaiwa Afirka. Maɓallin kiran agajin gaggawa da layukan wayar can aka haɗa shi, a nan ado ne kawai, kuma haɗari ne a bar mutum yana zaton akwai mai amsa masa. Har rediyon zangon AM bai tsira ba: na Amurka yana tsallake goma-goma ne, tashoshinmu kuwa tara-tara aka jera su. Shi ya sa mai neman Rediyon Najeriya Kaduna a 594 sai ya tsaya a 590 ko 600, mai neman Nagarta a 747 ya tsaya a 750, murya na fita da shaƙewa. A wasu motocin ana canza yankin rediyon da kwamfutar gwaji. Ku ne ya kamata ku mallaki kwamfutar.

Babbar matsalar allon dai zafi ne. A watan Maris da Afrilu, motar da aka ajiye a rana da gilashi a rufe, dashbod ɗinta ba ya taɓuwa da hannu. Gam ɗin da ya riƙe gilashin taɓawa da fuskar allo sai ya fara saki daga gefe. Da fari kumfa za a gani a kusurwa. Bayan 'yan watanni allon ya fara danna kansa: ya canza tasha, ya kira lambar waya, ya kunna ɗumin kujera da tsakar rana. Da yake wasu saitunan esi ta cikin allon suke, lalacewarsa na shafar sanyin motar. Sau da yawa gilashin taɓawan kaɗai ke buƙatar canji, amma ba ku ajiye shi ba, sai ku ce a sayi na'urar gaba ɗaya a jira ta iso. Labulen gilashin gaba mai mayar da hasken rana da gargaɗin layi ɗaya sun isa su rage wannan asara.

Batun fetur kuma ma'aikatanku na faɗin abin da ba daidai ba. Littafin motar ya nemi fetur mai lamba 91 ko 93, wato lambar da ke nuna juriyar fetur ga kamawa da wuta tun lokaci bai yi ba, sai su ce ai namu ma 91 ne. Ma'aunin ba ɗaya ba ne: 91 na Amurka ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓi. Idan man ya gaza, yana kamawa da wuta tun lokaci bai yi ba, na'urar da ke sauraren ƙwanƙwasar inji ta ji, kwamfuta ta jinkirta wutar filogi. Abin da direba ke ji shi ne mota ta yi kasala da rana, ta ƙara shan mai, wani lokaci da ƙarar kacau-kacau idan ya taka da ƙarfi daga ƙaramin gudu. Ku faɗa wa mai saye gaskiya, ya san yadda zai lallaɓa ta a lokacin zafi.

Haka baƙin mai. Waɗannan injuna siririn mai suke sha, 5W-20 ko 5W-30 ko 0W-40 gwargwadon abin da aka rubuta a murfin, domin da matsin mai suke juya lokacin buɗe bawul, wasu ma da shi suke kashe silinda huɗu a tafiyar da ba ta da nauyi. Da ba a samun sa a wurinku, sai a zuba mai kauri 20W-50 da aka saba, fitilar inji ta kama. Man akusul na baya shi ma yana da sinadarin da ake haɗa masa. In babu, za a ji baya na karkarwa a kwana. Filtar iska da ta esi kuwa, ƙurar hunturu ba ta jiran kilomitocin da littafi ya ƙayyade.

A kan tuƙi, abu biyu ne. Tayoyin baya ke tura motar, kuma ƙarfin ya fi abin da tayar ke iya riƙewa a jiƙaƙƙiyar kwalta. Masu nuna mota a wurinku na son juya ta zuwa saitin filin tsere don a ji rurin salansa, su bar ta a haka ba bayani, alhali wannan saitin yana sassauta na'urar hana sulɓi. Ruwan farko na damina, da ƙura da mai a kan titi, taka totur kaɗan a shataletale ya isa baya ya juyo gaba. Na biyu, ƙafafun. Rim mai inci 20 da taya 275/40, tsayin gefenta santimita 11 ne kacal. Rami ɗaya a hanya kan kumbura gefen ko ya lanƙwasa rim, kuma a but babu safaya, sai ɗan famfo da gwangwanin ruwan liƙi wanda ke toshe hujin ƙusa a tafin taya kaɗai. Gefe in ya yage, mai faci ma ba abin da zai yi. Leɓen gaba kuma na gogar kowane tudun rage gudu in ba a hau shi a karkace ba.

Don haka muna neman ku riƙa saita ma'auni da rediyo kafin miƙa mota, ku ba kowane mai saye takardar bayani da Hausa da Turanci, ku haɗa masa da safaya da jak. Ku ajiye gilashin allo, filtoci da man da ya dace a nan Kaduna. Sannan ku nuna lambar shaidar mota, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17, tare da rahoton tarihinta kafin a biya kuɗi, a san ko motar ta taɓa haɗari ko ambaliya. Waɗanda suka riga suka saya kuma, ku sa rana ku kira su a yi musu wannan saiti kyauta kafin damina ta sauka.

Wassalam.

Daga masu motoci, makanikai da masu riwaya,
Kaduna.