Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Fitilu Masu Aiki Da Waya: Ku Mayar Wa Tsofaffi Da Makunninsu

Zuwa ga shugabannin kamfani da sashen kula da masu sayen kaya,

Bayan gaisuwa, na rubuto muku ne a kan ƙwayayen lantarkinku da muka sa a gidan mahaifiyata, waɗanda ake kunnawa da kashewa ta manhajar waya. Na kawo maganar bainar jama'a ne saboda amsar da sashenku na taimako ya ba ni ta nuna mini cewa ba kayana ne suka lalace ba. Haka kuka ƙera su, kuma duk wanda ke da tsoho a gida zai ci karo da abin da muka ci karo da shi.

Ga yadda abin yake, don masu karatu da ba su taɓa saye ba. A cikin kowane ƙwai akwai ɗan ƙaramin rediyo da ke jiran umarni daga waya, kuma ba ya ji sai da wuta a jikinsa dare da rana. Ke nan dole makunnin bango ya zauna a kunne har abada. Da zarar an danna shi an kashe, ƙwan ya ɓace daga manhaja, lokacin da aka tsara masa ya kunna kansa ya wuce a banza. Abin bai tsaya nan ba. Fitilunku suna magana da juna ta tsarin Zigbee, inda kowane ƙwai ke miƙa saƙo ga na gaba da shi, don haka kashe na falo yana iya sa na ƙarshen baranda ya daina amsawa. Idan kuma aka kashe ƙwai ta waya, sai mai gida ya zo ya tarar da makunni a kunne, ɗaki kuwa da duhu. Sai ya kashe, ya jira, ya sake kunnawa kafin haske ya zo. Wa zai yi wa mace mai shekara 78 wannan bayanin, ta riƙe shi da tsakar dare tana neman hanyar banɗaki?

Mahaifiyata tun tana yarinya hannunta ya san inda makunni yake. Ko ido a rufe za ta kai hannu gefen ƙofa ta danna. Wannan sanin yana cikin abubuwan da suke zama da mutum ko da mantuwa ta fara kama shi, kuma shi ne kuka mayar laifi. Da na kai ƙorafi, ma'aikacinku ya ce in liƙa salatif a kan makunnan ko in sayi murfin roba in rufe su, don kada ta riƙa taɓawa. Na ji zafin wannan shawara ƙwarai. Na ga yadda take tsayawa a bakin ƙofar ɗakinta, yatsunta suna shafa robar da aka rufe makunnin da ita, tana ƙoƙarin cusa farce ta gefe. Daga baya ta daina gwadawa. Sai ta zauna a bakin gado ta kira wani daga cikinmu ya kunna mata fitila daga nesa. Mace ce da ta riƙe gida ta raini 'ya'ya da jikoki, yau ga ta tana neman izinin ganin ɗakinta.

Ba maganar jin daɗi kawai nake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu cikin haɗurran da suka fi kashe mutane a duniya, bayan haɗarin hanya. Kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Idon tsoho ba kamar na yaro ba ne. Ƙofar da haske ke shiga ta cikinta tana ƙanƙancewa, gilashin idon yana yin duhu-duhu, har ya zama hasken da ke kaiwa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na wanda ke kaiwa cikin na mai shekara 20 ba. Sabawa da duhu ma tana ɗaukarsa lokaci mai tsawo. 'Yan daƙiƙun nan da ƙwanku ke yi yana neman akwatin haɗi, wato na'urar da ke haɗa ƙwayayen da waya, kafin ya amsa, a wurin matashi ba komai ba ne. A wurin wadda ke tafe tana dafa bango, cikin su ne ƙafa ke harɗewa da bakin darduma.

Kun ce akwai rimot. E, akwai, kuma mun saya. Bai kai tafin hannu ba, fari ne, alamomin da ke kan maɓallansa toka-toka ne da ba a gani sai an kai su kusa da ido, maɓallan kuma a shafe suke, yatsa ba ya bambanta na kunnawa da na rage haske. Dannawa ɗaya aiki ɗaya, dannawa biyu a jere wani aikin daban, riƙewa kuma wani na uku. Wadda hannunta ke rawa tana danna sau biyu ba da niyya ba, sai ɗakin ya koma shuɗi ko ja, ba ta san me ta taɓa ba, ba ta san yadda za ta mayar ba. Batirinsa irin mai kama da kwabo ne, idan ya kusa ƙarewa gargaɗin yana zuwa ne a wayata, ba a jikin rimot ɗin ba. Ga shi yana ɓacewa cikin bargo. Makunnin bango kuwa bai taɓa barin wurinsa ba.

Umarni da murya bai fisshe mu ba, domin na'urar ba ta kama muryar da ta yi rauni, kuma dole ka tuna sunan da aka raɗa wa kowace fitila. Na'urar gane motsi ta banɗaki ita ce ta fi tayar mini da hankali. Zafin jiki mai motsi take gani, don haka idan mutum ya zauna shiru na 'yan mintuna sai ta ɗauka ba kowa, ta kashe fitila. Tsoho ba ya gaggawa a banɗaki. Ta kashe wa mahaifiyata haske tana ciki, a kan tayil mai ruwa. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita da dare, duk ƙwayayen gidan sai su tashi da cikakken haske lokaci guda, su farkar da ita a firgice. Akwai wurin gyara wannan a manhaja, na sani, amma kun binne shi can ciki, kuma sai an bi ƙwai ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar dogaro da kwamfutocinku na nesa. Wasu ayyukan manhajar suna tsayawa cik idan intanet ya yanke, alhali ƙwan da wayar suna ɗaki ɗaya. Wannan ba tsoron banza ba ne. A shekarar 2016 an rufe sabis ɗin na'urar Revolv, wani akwatin haɗi na kayan gida masu aiki da waya, akwatunan da mutane suka saya da kuɗinsu suka zama ba su da amfani. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon, mai ƙera makunnai da fitilu masu aiki da waya, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, manhajarsa ta daina aiki. Abin lura shi ne waɗanda ke da makunnan bango na wannan kamfani sun ci gaba da kunna fitilunsu da hannu, saboda dabarar tana cikin makunnin ne, ba a wata ƙasa ba.

Wannan shi ne abin da nake nema a wurinku, kuma ba sabon ilimi ba ne. Akwai 'yar na'ura da ake sawa a bayan makunnin da ke bango, ta bar wuta tana zuwa ƙwai koyaushe, ta mayar da dannawar hannu umarni. Akwai makunnan da ba sa buƙatar batir ko kaɗan, ƙarfin dannawar da kansa ke ba su wutar aika saƙo. Tsarin Zigbee da kuke amfani da shi ya ba da damar ɗaure makunni da ƙwai kai tsaye, su yi aiki ko akwatin haɗi ya mutu. Tsarin Matter da ya fito a 2022 an gina shi ne don na'urori su yi magana a cikin gida ba sai sun fita intanet ba. Me ya hana ku sa irin wannan makunni a cikin kwalin farko, babba, mai ƙara idan an danna, sama kunnawa ƙasa kashewa, ba wani aiki na uku? Me ya sa sai an saye shi daban, bayan an riga an sha wahala? Tsofaffin gidaje da yawa ba su da wayar wuta da ake kira nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, a ramin makunni, kun san haka, to ku yi wanda zai yi aiki babu ita. Ku kuma rubuta da manyan haruffa a jikin kwali cewa wannan ƙwai ba ya jituwa da makunnin da ke gida, maimakon hoton dattijuwa tana murmushi da waya a hannu da kuke tallarsa da shi.

Ba na ƙin fasahar. Ina son ganin fitilar baranda ta kunna kanta da magariba, ina son in duba daga nesa in ga ɗakinta da haske in san ta tashi lafiya. Don haka muka saya. Amma waya ƙari ce ga mu 'ya'ya, makunni shi ne nata, kuma ba ku da hurumin karɓe shi.

Na riga na kira mai gyaran wuta ya cire ƙwayayenku daga ɗakin kwananta da banɗaki da hanyar da ke tsakaninsu, ya mayar da na gama-gari, ya ɓare murfin robar. Ina neman ku karɓi waɗanda aka cire ku mayar mini da kuɗina. Ina kuma neman amsa a rubuce, a fili kamar yadda na rubuto, daga wanda ke da ikon yanke shawara a kan ƙirar kayanku: yaushe za ku fitar da makunnin bango mai aiki babu waya, babu intanet, babu akwatin haɗi, kuma za ku ba da shi ga waɗanda suka riga suka saya?

Naku,
Ɗaya daga cikin masu sayen kayanku